Simintin Malachy Tolan

Bulon ya faɗo ne ranar Talata da safe, ƙarfe tara saura kwata. Ba dukansa ba, fuskarsa ce kawai ta ɓantare, faɗin tafin hannu, ta sauko daga hawa na uku ta tarwatse a kan matakalar dutsen da ke ƙofar gidanmu. Taku biyu ne tsakaninta da wata mata mai tura jaririnta a keke. Matar ba ta yi ihu ba. Ta dubi jan garin da ya watsu a gabanta, ta ɗaga kai ta dubi gidan, sannan ta ciro waya daga jaka.

Kafin rana ta take an zagaye gaban lamba goma sha ɗaya, Layin Tallon, da jan zaren hana wucewa.

Ni aka kira. Ni ce 'yar mai gidan, Malachy Tolan, kuma duk mai gyaran tsofaffin gine-gine a arewacin Dublin ya san Dervla Tolan. Shekara ashirin da shida ina wannan sana'a, gidajen zamanin Sarki George na Ingila da na gyara wa fuska sun fi arba'in. Guda ɗaya ne ban taɓa ɗora wa hannu ba, shi ne wanda aka haife ni a cikinsa.

Na tarar da Baba a bakin ƙofa da tsintsiya, yana tura garin bulon cikin kwata da sauri-sauri. Shekararsa saba'in da takwas, amma har yanzu kafaɗarsa ta birkila ce. Ya ce tantabara ce ta turo shi. Na ce lallai tantabarun unguwar nan sun fara cin naman sa. Bai yi dariya ba. Ya ce in shayi na zo sha in shigo, in kuma kallon bango na zo yi, to in sani bangon ya girme ni.

An gina gidan a 1791. Wani lauya ne ya sa aka gina masa, hawa huɗu da ɗakin ƙasa, tagogi suna rage tsawo yayin da ake hawa, ga tagar nan mai siffar rabin wata a saman ƙofa. Jikokin lauyan ba su zauna ba. Da masu hali suka tattara suka bar unguwar, sai aka yanyanka manyan falukan da katako aka zuba 'yan haya. Lokacin da aka haifi Baba mutum saba'in da ɗaya ne a gidan, famfo ɗaya a bayan gida. Babban falon hawa na farko an raba shi huɗu, kason iyayensa shi ne kusurwar da ke ƙarƙashin wani tsuntsun ado da aka ƙera da filastar gini, wanda ke manne a rufi da zangarniyar alkama a baki. A nan aka haife shi. Da gidan ya zama nasa ya cire katakan, amma gadonsa bai matsa daga kusurwar ba, ko bayan rasuwar Mama. Kullum yana cewa a ƙarƙashin tsuntsun nan ya shigo duniya, a ƙarƙashinsa zai fita.

Labarin simintin kuwa, babu bikin aure ko na baftisma da ba a ba da shi a danginmu. A 1963 wasu gidaje irin namu suka rufta a cikin birni, aka rasa rayuka har da na yara. Tsoro ya kama kowa. Masu duba gine-gine suka bi layi-layi suna liƙa takardar tashi. Aka ba lamba goma sha ɗaya wata guda. Baba yana da shekara ashirin da biyar, bai daɗe da aure ba, ya kafa katako ya hau, ya ƙwaƙule tsohuwar farar ƙasar da ke tsakanin bulo da bulo ya cike da siminti, daga sama har ƙasa, cikin kwana goma sha tara. Mai duba ya zo ya buga sandarsa, bango ya amsa kamar ƙarfe, ya yage takardar. Gidaje shida aka rushe a layin a shekarar. Namu ya tsaya.

Akwai abin da ban taɓa faɗa a wurin biki ba. Bulon zamanin George laushi gare shi, yana shan ruwan sama kamar burodi. Farar ƙasar da ke tsakani ita ce hancin bango, ta nan yake fitar da ruwan da ya sha. Siminti ba ya numfashi. Ruwa ya shiga bulo ya rasa hanyar fita, sanyi ya zo ya mai da shi ƙanƙara, ƙanƙara ta fasa bulon daga ciki. Tun ina da shekara ashirin da biyu na san haka. Na faɗa wa baƙi sun fi ɗari a ƙofar gidajensu. Ban taɓa iya faɗa wa Baba ba.

Misis Kinsella ce ta faɗa masa. Ita ce jami'ar hukumar birni mai kula da gidajen da doka ta kare, namu kuma ya daɗe a littafinta. Ta zo ranar Alhamis da injiniya, suka yi awa biyu a titi suna ɗaga kai, sannan ta zauna a kicin ta ajiye takarda kusa da butar shayi. Ta yi bayani a hankali. Bangon gaba ba zai ɗauki wani lokacin sanyin ba. Dole a cire simintin da hannu a mayar da farar ƙasa, kuma ba kowace iri ba, sai wadda ta kwana a ruwa aƙalla shekara guda, don sabuwa tsagewa take yi a aiki irin wannan. Kwana goma sha huɗu ta bayar. In ba a fara ba, injiniya zai rubuta cewa gidan haɗari ne, a tokare shi da ƙarafa, a fitar da duk wanda ke ciki. Mutum ɗaya ne a ciki.

Baba ya saurare ta har ta gama.

"Simintin nan ne ya hana su rushe gidan nan tun ba a haife ki ba," in ji shi.

"Na sani, Mista Tolan. Ba don shi ba, da yanzu a wurin ajiye motoci muke zaune. Shi ne kuma yake cin gidan."

Ya juyo gare ni. "Ke fa, babbar gwana? Haka ne?"

Na ce haka ne, Baba.

"Tun yaushe kika sani?"

Na faɗa masa. Ya ɗaga butar shayi, ya tura takardar ƙarƙashinta, ya dire butar a kai. Ya ce shi ba zai sa hannu a kira aikinsa cuta ba, kuma duk mai son fitar da shi ya taho da akwatin gawa daidai tsawonsa. Ya ɗauki bokiti ya fita bayan gida.

Misis Kinsella ta leƙa taga ta gan shi yana kwarara ruwa a kan shimfiɗaɗɗun duwatsun da ke gindin katanga, inda ko ciyawa babu. Ta dube ni. Na ce kada ta damu, ba tsufa ba ne, tun muna yara haka yake yi in an kwana biyu ba ruwan sama. Mama kan ce yana jiran duwatsun su yi fure.

Kwana uku na yi a kan waya. Masu jiƙa farar ƙasa a ƙasar nan ba su da yawa, kuma wata babbar majami'a da ake gyarawa ta kwashe duk tsohuwar da suke da ita. Wani daga yamma ya ce in jira Fabrairu. Na ce a Fabrairu babu bangon. Ƙarshen Satumba muke, farar ƙasa kuwa ba ta kamawa in ƙanƙara ta fara sauka. Sati shida nake da su, in an yi sa'a. Ba sa hannu, ba farar ƙasa, ga kwanaki suna tafiya.

Duk da haka na sa ma'aikatana suka kafa matakan ƙarfe a jikin gidan don a rataya ragar tare ɓaraguzai. Wannan ba ya buƙatar izinin Baba. Ya zauna a tagarsa yana sanar da su cewa sun ɗaure ƙarfen a karkace, kuma a zamaninsu wanda ya yi ɗauri irin wannan shara ake ba shi. Kafin su tashi aiki fuskar bulo biyu ta faɗo cikin ragar, a gaban idonsa. Ya ja labule.

Rana ta shida cikin wa'adin na hau. Hawa na biyu da na uku sun fi yadda na zata muni. Layukan siminti suna nan ƙyam, baƙi-baƙi, bulon da ke tsakaninsu kuwa ya lotsa ciki kamar ruɓaɓɓen haƙori. Na ci gaba har ƙarƙashin rufi, sai na tsaya cak. Layi bakwai na can ƙoli lafiyarsu lau. Bulo ja, ko tsaga babu, alhali nan ne ruwa da iska suka fi duka. Tsakanin bulo da bulo akwai siririn farin zare, miƙe sak, an shafe gefensa da jar ƙasa mai launin bulon. Tsohon aikin Dublin ne, wanda ake yi don bulo mara kyau ya yi kama da na manya. Na kankare da farce. Farar ƙasa ce. Kuma ba ta 1791 ba ce, na san hannun wancan zamani. Daga titi ba a ganin wurin, hayaƙin shekaru ya rufe shi.

Mutum ɗaya ne ya rage cikin waɗanda suka hau katako tare da Baba a 1963: Bartle Coyle, abokinsa tun ƙuruciya, wanda muke kira Kawu. Da la'asar na same shi a gidan tsofaffi yana faɗa da ma'aikaciya, wai shayinsu daga nesa aka nuna wa ruwan ganye. Ɗakin tsaf yake, ga ɗumi. Na ɗaga kai na ga rufinsa, fari, shafaffe, mutum zai iya taɓa shi da hannu. Na san ƙarƙashin irinsa Baba zai kwanta nan da kwana takwas.

Da na ambaci layi bakwai, Kawu Bartle ya ajiye kofin shayinsa. Ya ce ashe sai da aka yi shekara hamsin da uku kafin wani ya hau ya duba.

Ya ce aikin kakana ne, Jem Furlong, mahaifin Mama. Ban san shi ba, ya rasu kafin a haife ni, kuma ba a cika ambatonsa a gidanmu ba. Gwanin farar ƙasa ne, a hannunsa Baba ya koyi aiki, a gidansa ya ga Mama. Da takardar tashi ta zo su biyu suka hau tare, Jem ya fara daga sama yadda aka saba. Kwana huɗu, layi bakwai. Baba ya duba ya ga a haka sai sun yi wata uku, su kuwa wata ɗaya aka ba su. Ya kawo siminti. Jem ya ce siminti zai ceci gidan bana ya kashe shi a hannun jikoki. Baba kuwa, a gaban ma'aikata da matan da ke leƙe ta taga, ya ce tsoho ya sauka ya ba masu aiki wuri, mutum saba'in ba za su kwana a titi don a faranta wa bulo rai ba.

"Jem ya goge cokalin gininsa ya sauka," in ji Kawu Bartle. "Bai sake taka gidan ba har ya mutu. Shekara biyu uwarki ta yi tana zuwa gaishe shi ita kaɗai."

Na ce to wa ke da gaskiya a cikinsu.

"Su biyun, 'yar nan. Abin da ya hana su shiryawa ke nan."

Na tambaye shi inda Jem ya samo farar ƙasa mai kyau haka. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce duk karatun nan nawa ashe ban san gidan ubana ba. Ya ƙi ƙarawa. Ya ce wannan ba nasa ba ne balle ya bayar.

Washegari da safe na tarar da Baba yana cin burodi da man shanu a tsaye. Takardar tana nan ƙarƙashin buta, shayi ya yi mata zobe. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce na ga layi bakwai, na kuma ga Kawu Bartle.

Ya ce Bartle tun yana yaro bakinsa ya fi hannunsa aiki. Ya gama taunawa, ya goge hannu a wando, ya ce in miƙo masa hularsa da gudumarsa. Na ce likita ya hana shi hawa ko kujera. Ya ce likitan bai taɓa gina ko akurkin kaza ba.

Minti ashirin muka yi kafin mu kai hawa na uku, shi a gaba ni a baya, hannuna a saitin bayansa ban taɓa shi ba. Ma'aikata suka ajiye abin da suke yi. Ya tsaya yana haki, sannan ya buga guduma a layin siminti. Ya amsa kamar ƙarfe, yadda ya amsa wa mai duba a wancan lokaci. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Sai ya ɗora babban yatsa a kan bulon da ke saman layin ya danna kaɗan. Yatsan ya shige har gaɓa ta farko. Jan gari ya zubo masa a hannun riga.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Ya matsa gaba ya danna wani, ya danna wani. Kowanne haka ya lotsa. Ya kama tsani ya ci gaba da hawa, ban hana shi ba.

A ƙoli ya cire hula. Ya bi farin zaren da yatsa, daga wannan bulo zuwa wancan, har iyakar inda hannunsa ya kai.

"Ko igiya bai ja ba," ya ce. "Da ido yake yi. Kwana huɗu ina tsaye a nan ina jin haushin jinkirinsa."

Da muka sauka bai shiga kicin ba. Ya bi ta dogon zaure ya fita bayan gida, ya nuna duwatsun gindin katanga, ya ce a kira mutum biyu da dogon ƙarfe. Duwatsu uku ne, kowanne ya kai faɗin ƙofa. Da aka ɗaga na farko sai ga katako baƙi ƙirin. Aka ɗaga katakon. Ruwa ne kwance, garau, da wani ɓawo siriri kamar gilashi a samansa. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya karɓi cokalin gini ya nutsa har wuyan hannu, ya ɗago. Fara fat ce, mai kauri, santsi kamar man shanu, ta zauna a kan cokalin ba ta zuba ba. A shekara ashirin da shida ban taɓa ganin irinta ba.

Ya ce al'adar masu farar ƙasa ce ta da. In mutum ya aurar da 'ya, sai ya haƙa rami a gidan da za ta zauna ya jiƙa farar ƙasa a ciki, don yawan daɗewarta a ruwa yawan kyanta, kuma gida ba ya rasa ranar da zai neme ta. Jem ya jiƙa wannan a satin bikin Baba da Mama. Daga ciki ya ɗebi ta layi bakwai. Ranar da Jem ya sauka daga katako, Baba ya rufe ramin da duwatsu don kada ya riƙa ganinsa.

Na fara cewa ai in ta bushe ta mutu, sai na tuna da bokitin.

"Shekara hamsin da uku kana ba ta ruwa, Baba."

"Uwarki ta sani. Ba ta taɓa cewa komai ba, sai dai ta ce ina jiran fure." Ya share cokalin a bakin ramin. "Na san ranar nan za ta zo, Dervla. Tun sanyin farko da na ga bulo yana gumi na sani. So na yi ta zo bayan an fitar da gawata."

Misis Kinsella ta iso kafin yamma. Ta sa safar hannu ta murza farar ƙasar tsakanin yatsu, sannan ta nemi izinin ɗiban kaɗan a gwada. Baba ya ce ta ɗiba, amma ta sani farar ƙasar ma ta girme ta. Ya shiga kicin ya ɗaga buta, ya sa hannu a tsakiyar zoben shayin. Sharaɗi ɗaya ya kafa: shi zai yi saran farko.

Ranar Litinin, saura kwana uku wa'adi ya cika, ya fito da kurfi da guduma. Ya zaɓi layin da ke daidai ƙirjinsa kusa da ƙofa, inda ya ƙare aiki a 1963. Dukan farko bai yi komai ba, na biyu ma haka. Ya waiwayo ya ce ai ya gaya mana aikinsa ba na wasa ba ne. A duka na biyar simintin ya tsage ya faɗo kan matakala.

Sati biyar muka yi, mu shida, muna rataya buhuna a jikin bango don kare aikin daga iska da sanyi. Bulo sun fi ɗari biyu muka zare muka juya, bayansu ya koma gaba. Baba bai sake hawa ba, amma farin zaren hawan ƙasa duk shi ya ja, zaune a kan kujerar kicin, da ido, ba igiya. Hannunsa bai manta abin da Jem ya koya masa ba. Ƙanƙarar farko ta sauka kwana tara bayan mun gama. Injiniya ya zo ya duba, ya rubuta abin da ya rubuta, aka kwance jan zaren. Gadon Baba bai matsa daga ƙarƙashin tsuntsun ba.

Wuri ɗaya na bari. A inuwar ƙofa, inda ruwa ba ya kaiwa, akwai layin siminti tsawon taƙi guda. Misis Kinsella ta gani, ta shigar da shi cikin tarihin gidan tare da lauyan da tsuntsun. Baba ma ya gani. Ya ce wace irin gwana ce ke barin aiki bai ƙare ba. Na ce in yana so ya cire, ga kurfi. Ya tsaya ya dubi layin, ya shige ciki.

Ramin ya yi rabi. Na ce a mayar da duwatsun, ya ce a'a, a nemo ɗanyar farar ƙasa a cika shi tukuna. Na ce Baba, ni ba ni da 'ya, kuma aikin nan zai kai shekara ɗari. Ya ce bai tambaye ni ba.

Ranar Asabar muka jiƙa ta. Ta tafasa tana tururi kamar tukunya, shi yana tsaye nesa kaɗan da hula a hannu. Da ta lafa aka mayar da katako, aka mayar da duwatsu, sai ya miƙo mini bokitin.